Tambaya Da Amsa Kan Ƙwallon Kwando: Me Ya Sa Kulob Ke Rububin Yaron Da Wani Kulob Ya Gaji Da Shi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suka faɗo, wato cinikin matasan 'yan wasa a gasar NBA ta Amurka, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya. Bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Samaru Zariya, ina tashi tsakar dare in kalli NBA. Abin da ke ɗaure min kai shine, zaka ga yaro an ɗauko shi da kirari, shekara biyu uku bai taɓuka komai ba, kowa na zaginsa, sai kuma kawai kaji wani kulob ya bada ɗan wasansa mai kyau ya karɓo shi. Wai basu ga abin da muke gani bane ko kuwa?

Amsa: Ƙanina sun gani sarai, har ma sun fi mu gani. Bambancin shine kai kana kallon maki nawa yaci jiya, su kuma suna tambayar me ya hana shi ci. Ka taɓa raka mai turkar rago kasuwa watanni kafin babbar sallah? Ba ya zuwa wajen ƙosasshen rago da kowa ya zagaye, ramamme yake nema mai dogon ƙashi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya duba ido, don ya gane shin yunwa ce ta ramar da shi ko ciwo. In yunwa ce ya samu riba, in ciwo ne kuɗinsa ya tafi. To cinikin nan gaba ɗaya a nan yake, kuma ni a ganina yawancin yaran da ake cewa sun gaza yunwa ce ke damunsu, yunwar mintina a fili da yunwar aikin da ya dace da su.

Ɗauki Lauri Markkanen ɗan ƙasar Finlan. Shi ne na 7 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2017, wato zaɓen da kulob-kulob ke ɗaukar matasa bi da bi duk shekara, ya fara a Chicago Bulls, a kakarsa ta biyu yana cin sama da maki 18 a kowane wasa, daga nan rauni ya sa shi gaba, kociya suna ta canzawa, har ya kai ana ajiye shi a benci. A 2021 suka sallama shi ga Cleveland, can ma aka haɗa shi da dogaye biyu Evan Mobley da Jarrett Allen, aka tura shi gefe yana jiran a miƙo masa ƙwallo, ya gama da maki 14.8. Da Utah Jazz suka miƙa Donovan Mitchell ga Cleveland a musaya a watan Satumbar 2022 mutane hankalinsu na kan damar zaɓen sabbin 'yan wasa da Utah ta samu, Markkanen kamar gyara aka ɗauke shi. A cikin watan ne kuma ya zuba wa Kuroshiya maki 43 a gasar ƙasashen Turai, saboda a Finlan shi ake ba ƙwallo a ce yi yadda kaga dama. Utah suka yi masa irin haka, sai ga maki 25.6 a kowane wasa, ya shiga wasan taurari da ake haɗa zaɓaɓɓun gwanayen gasar duk shekara, ya karɓi kyautar ɗan wasan da yafi kowa samun ci gaba a 2023. Mutum ɗaya ne fa, tsayinsa bai ƙaru ba, hannunsa bai canza ba. A 2024 Utah ta sa masa hannu a kwantiragin dala miliyan 238.

Wanda yafi taɓa min zuciya ma shine na Victor Oladipo, wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce. Na 2 aka ɗauke shi a 2013, Orlando suka yi shekara uku da shi suna juya shi, yau mai rarraba ƙwallo gobe mai jifa, suka gaji suka tura shi Oklahoma a 2016 suka karɓo Serge Ibaka. A Oklahoma kuwa shekarar ce Russell Westbrook ya riƙe ƙwallo ya ƙi saki har ya zama gwarzon shekara, to me kake so Oladipo yayi? Da Paul George ya ce wa Indiana shi fa tafiya zai yi, a 2017 suka miƙa shi suka karɓi Oladipo da Domantas Sabonis, wallahi ranar babu irin dariyar da ba a yi wa Indiana ba, ana cewa sun bada zinare sun karɓi tarkace. Kakar da ta biyo baya Oladipo yaci maki 23.1 a kowane wasa, yafi kowa ƙwace ƙwallo a gasar, Indiana taci wasa 48 ta kuma ja Cleveland ta LeBron James har wasa na bakwai, wato na ƙarshe, a zagayen fitar da gwani. Shi kuma Sabonis da Oklahoma suka riƙa tsayar da shi can nesa da kwando yana jifan da ba nasa ba, Indiana suka dawo da shi ƙarƙashin raga inda ya iya, ya shiga wasan taurari a 2020 da 2021, daga baya ma da shi suka karɓo Tyrese Haliburton a 2022. Ciniki ɗaya ya haifi wannan duka. Abin tausayi dai Oladipo ya samu mummunan rauni a gwiwa a Janairun 2019, kuma daga nan bai ƙara komawa yadda yake ba, Allah Ya sa haka shine mafi alheri gare shi.

Kuma ba yau aka fara ba. Indiana ɗin nan dai a shekarar 2000 sun bada Dale Davis wanda ya shiga wasan taurari a shekarar, suka karɓo Jermaine O'Neal, yaron da ya shekara huɗu yana ɗumama benci a Portland bayan su Rasheed Wallace ko maki 5 ba ya kaiwa. Sau shida a jere ya shiga wasan taurari a rigar Indiana.

Tambaya: Yallaɓai ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, kwanan nan yarana suka jawo ni kallon kwando. Daga Maraɗi nake. Me ya sa basa sayen ɗan wasa da kuɗi kawai kamar yadda Real Madrid ke yi, sai dai musaya?

Amsa: Alhaji sannu da shigowa. Tsarin nasu daban ne. A NBA akwai iyakar albashin da kulob zai biya, kuma ɗan wasan da yake da kwantiragi ba a sayensa da tsabar kuɗi kamar a Turai, kuɗin da aka yarda a haɗa a ciniki kaɗan ne. Musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa ko da damar zaɓe ta shekaru masu zuwa, kuma in kulob ya haura iyakar albashi dole albashin wanda zai fita da na wanda zai shigo su yi kusa da juna.

A nan ne matashin da bai haskaka ba yake da daɗin saye. Duk wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓe yana kan kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadadden farashi, biyun farko tabbas ne, ta uku da ta huɗu kulob ne ke da zaɓin ci gaba da shi ko ya sake shi. Bayan ta huɗu ma bai kuɓuta ba, in wani kulob ya taya shi, kulob ɗinsa na da ikon ya biya daidai abin da aka taya ya riƙe abinsa. Kaga kenan wanda ya karɓo yaro a shekararsa ta uku ya samu shekara ɗaya ko biyu na gwaji da araha, in ya fashe shi ke riƙe da shi, in bai yi ba a rabu lafiya. Shi kuma kulob ɗin da ya ɗauke shi tun farko lokaci ne ke matsa masa, ranar biyan babban albashi na matsowa kuma bai tabbata yaron ya cancanta ba, sai ya gwammace ya karɓi ko me ya samu. Ga kuma yarjejeniyar 'yan wasa da masu kulob ta 2023, wadda ta tsananta hukunci kan kulob masu kashe kuɗi fiye da kima. Tunda kai ɗan ƙwallon ƙafa ne ka tuna yadda Chelsea ta saki Kevin De Bruyne da Mohamed Salah saboda basu samu wuri ba, to irin wannan kuskuren ake farauta.

Tambaya: Malam ni dai raina a ɓace yake. Ni mace ce daga Kaduna kuma Detroit Pistons nake so tun lokacin su Chauncey Billups. Sun ɗauko Marvin Bagley, sun ɗauko James Wiseman, duk ance na 2 ne a zaɓe, ance za su farfaɗo a wajenmu, ƙarshe muka sha kashi sau 28 a jere. Dan Allah ta yaya ake gane wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba?

Amsa: 'Yar'uwa ki yi haƙuri, wannan kakar ta 2023 zuwa 2024 da kuka ci wasa 14 kacal ba ƙaramin ciwo bace ga mai son kulob da gaske. Kuma tambayarki ita ce ainihin maganar, don in na tsaya kan su Markkanen kaɗai na yaudari masu karatu, waɗanda basu tashi ba sun fi waɗanda suka tashi yawa nesa ba kusa ba, kawai dai ba a cika tuna su bane.

Kuskuren Detroit a wajena shine lamba suka saya. Suna ganin "na 2 a 2018" da "na 2 a 2020" sai suka ɗauka darajar tana nan a jiki. Lambar zaɓe kuwa hasashe ne da wasu suka yi lokacin yaron yana shekara 19, bayan shekara uku ya kamata a ajiye ta a duba abin da ido ya gani. Wiseman wasa uku kacal ya buga a jami'ar Memphis kafin a ɗauke shi, ya rasa kakar 2021 zuwa 2022 gaba ɗaya saboda gwiwa, duka-duka wasa 60 ya buga wa Golden State. Matsalarsa ba tsayi ko tsalle bace, waɗannan Allah Ya ba shi, matsalar ita ce karanta wasa, ina zai tsaya a tsaron gida, yaushe zai taimaki abokinsa, kuma wannan sai da buga wasa mai yawa ake samunsa. To sai aka kai shi inda akwai Jalen Duren da Isaiah Stewart da shi Bagley ɗin, dogaye huɗu suna neman gurbi ɗaya ko biyu. Kin ga an ciro shi daga cunkoso an saka shi a wani cunkoson. Da ya koma Indiana a 2024 kuma a wasan farko jijiyar agararsa ta tsinke, abin gwanin ban tausayi. Bagley shi ma Detroit har kwantiragin shekara uku na dala miliyan 37.5 suka ba shi, a Janairun 2024 suka tura shi Washington.

In ni ne ke zaune a kujerar manaja, abu na farko da zan tambaya shine, yaron nan akwai abu ɗaya tak da ya riga ya iya a matakin NBA, yau ɗin nan ba gobe ba? Dyson Daniels ɗan Ostareliya misali ne mai kyau. A New Orleans ko maki 6 ba ya kaiwa, jifansa babu daɗin gani, amma duk wanda ya kalle shi minti goma ya san hannunsa na da sauri kuma yana iya manne wa kowane ɗan wasa. Atlanta suka karɓo shi a cinikin Dejounte Murray a 2024 suka ce je ka yi abin da ka iya, ya riƙa ƙwace ƙwallo uku a kowane wasa, yafi kowa a gasar, makinsa ya haura 14, ya ɗauki kyautar ci gaba ta 2025. Abu ɗayan nan shi ke sa koci ya bar yaro a fili, kuma a fili ake koyon sauran. Wanda ake cewa yana da siffar tauraro amma in aka tambayi me ya iya sai a fara kame-kame, wannan ki ji tsoronsa. Cam Reddish haka ne, New York sun bada damar zaɓen zagayen farko suka karɓo shi daga Atlanta a Janairun 2022, koci Tom Thibodeau kuwa bai gamsu da shi ba, ya ƙare a benci, bayan shekara ɗaya aka wuce da shi Portland. Wannan ma darasi ne, manaja ya sayo abin da koci ba ya so, asara ce tun kafin yaron ya sauka daga jirgi.

Sai a duba ƙananan alamu. Yaron da jifansa na maki uku ba ya shiga amma jifan kyauta da ake ba shi in an yi masa keta yana shiga sosai, sau da yawa hannun na nan, lokaci kawai yake buƙata. A duba me yake yi a ranakun da manyan kulob ɗinsa suka ji rauni aka sakar masa ƙwallo. A duba shekarunsa, ɗan 21 da ɗan 25 ba ɗaya bane ko da makinsu ɗaya. A tambayi waɗanda suka zauna da shi, yana zuwa atisaye da wuri, yana jin gyara?

Rauni kuma babi ne daban, kuma a nan ina ganin ya kamata mu riƙa sassauta harshe. Markelle Fultz na 1 aka ɗauke shi a 2017, Philadelphia har musayar lambar zaɓe suka yi da Boston suka hau sama don su same shi, Boston kuma suka sauka suka ɗauki Jayson Tatum. Yaron da aka sani da jifa sai hannu ya ƙi ɗaguwa, mutane suka yi ta masa ba'a a intanet wai tsoro ne, daga baya likitoci suka gano ciwon jijiyoyi ne tsakanin wuya da kafaɗa. Wasa 33 ya buga musu a shekara biyu. Orlando suka karɓe shi a Fabrairun 2019 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suka ba shi lokaci, ya dawo yana buga wasa a sahun farko, gwiwa ta sake kayar da shi a 2021, ya sake tashi har yana cin maki 14. Bai zama tauraro ba. Amma in kika auna da abin da Orlando suka biya, basu faɗi ba, kuma haka ya kamata a riƙa auna irin wannan ciniki, da farashin da aka biya ba da kirarin da aka yi wa yaro ranar zaɓe ba.

Kuma tunda kin ambaci Billups, kar ki manta shi kansa haka ya zo muku. Na 3 a 1997, Boston ko shekara basu bari ya cika ba suka tura shi Toronto, daga nan Denver, Orlando, Minnesota, ana ta jifa da shi, sai 2002 ya sauka Detroit, 2004 ya ɗaga kofi shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Shi dai ba musaya aka yi ba, kwantiraginsa ne ya ƙare suka ɗauke shi, amma idon da ya gano shi irin idon ne.

Tambaya: Malam ance akwai mutumin Zariya da ya shahara a wannan harkar ta musayar 'yan wasa. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Sabon Garin Kano.

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, Masai Ujiri kenan. A Ingila aka haife shi a 1970 amma a Zariya ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando. Ya karɓi kyautar manajan shekara a 2013 yana Denver, a shekarar ya koma Toronto Raptors ta Kanada, ya kai su ga kofinsu na farko a 2019, suka rabu a 2025.

Abin da nake so ka lura da shi game da Ujiri shine ya iya ɓangaren sayarwa, wanda mutane basu cika magana a kai ba. Yana zuwa Toronto ya tarar da Andrea Bargnani, na 1 a zaɓen 2006, mutum ne da shekara bakwai ta riga ta nuna iyakarsa amma har lokacin akwai masu ganin canjin wuri zai tashe shi. New York suka faɗa, suka bada 'yan wasa da damar zaɓe har da ta zagayen farko ta 2016. Da wannan damar Toronto ta ɗauki Jakob Poeltl, shi kuma Poeltl aka haɗa da DeMar DeRozan a 2018 aka karɓo Kawhi Leonard, wanda ya kawo kofin. Kaga duk lokacin da wani kulob ke murnar ya tsinci dami a kala, a ɗaya ɓangaren akwai wanda ya shekara uku ko fiye yana ganin yaron kullum a atisaye, ya san abin da mai saye bai sani ba, kuma ya yarda ya rabu da shi. Mai saye dole ya iya faɗin dalilin da ya sa yake ganin wancan ya yi kuskure.

Shi ma Ujiri ya yi sayen. A 2021 da Kyle Lowry zai tafi Miami ya karɓo Precious Achiuwa haifaffen Fatakwal, wanda shekara ɗaya kacal yayi a Miami, ya zama ɗan wasa mai amfani amma bai wuce nan ba. A ƙarshen Disambar 2023 ya haɗa Achiuwa ɗin da OG Anunoby ya tura New York ya karɓo Immanuel Quickley da RJ Barrett. Barrett na 3 ne a 2019, 'yan New York sun gaji da jifansa da ba ya shiga, ga albashi mai nauyi, amma a Toronto aka haife shi, yana dawowa gida aka rage masa jifan dole aka sa shi yana kutsawa kwando, makinsa ya haura 21 a sauran kakar. New York ma basu yi asara ba don Anunoby ya gyara musu tsaron gida sosai, irin cinikin da kowa ya tafi da abin da yake buƙata kenan.

Tambaya: Jahlil Okafor fa da ya buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, me ya same shi? Daga Jos.

Amsa: Nasa daban ne, zamani ne ya juya masa baya. Na 3 a 2015, a shekararsa ta farko a Philadelphia yana cin maki 17, wato cin kwando ba matsalarsa bace. Salonsa shine ya juya wa kwando baya ya tura mai tsaronsa har ƙarƙashin raga, a daidai lokacin da gasar ta koma gudu da jifan maki uku, ana son dogon da zai iya fitowa waje ya tsare gajere mai sauri, shi kuma ƙafarsa bata da wannan saurin. Ga wani dogon, Joel Embiid, a gabansa a gurbi ɗaya. Brooklyn sun gwada shi a Disambar 2017, New Orleans sun gwada, Detroit ma sun gwada, duk abu ɗaya suka tarar, domin canjin riga ba ya ƙara wa ƙafa sauri. Ya saka rigar Najeriya a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, kuma a irin wasan ƙasa da ƙasa inda fili ya fi matsewa salonsa ya fi yin aiki.

Masu tambaya kan yadda ake lissafin harajin da kulob ke biya in ya wuce iyakar albashi, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.